Yadda na bi ƙarar tafet a tsohuwar motata har na gano lifta ce

Ƙarar da safe ta fara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe da bakin cokali a can cikin inji. Motar tsohuwar Chevrolet Impala ce ƙirar 1970, mai injin V8 da ake kira 350, wato lita 5.7. Irin injin nan ne da kamshaf ɗinsa yake kwance a tsakiyar bulo, yana ɗaga lifta, lifta ta tura sandar turi, sandar ta ɗaga roka, roka ta danna bawul. Da farko idan na tayar da ita sai ƙarar ta yi kamar daƙiƙa biyar ta ɗauke, shi ya sa ban ɗauke ta da muhimmanci ba. Bayan wata biyu sai ta daina ɗaukewa, har ma in inji ya ɗau zafi yana sulo ta fi fitowa sarai. Daga ranar zuwa ranar da motar ta yi shiru na ɓata wajen wata uku, kuma rabin kuɗin da na kashe a banza ya tafi.

Abin da na fara yi shi ne abin da kusan kowa yake yi. Na sayi wani ruwa na gwangwani da ake cewa yana wanke lifta, na zuba a baƙin mai, na yi mako guda ina yawo ina kasa kunne. Ƙara tana nan. Sai wani ya ce man ne ya yi ruwa-ruwa, in sa mai kauri. Na juye mai, na sa 20W-50 da sabuwar filta. Kwana biyu ƙarar ta ɗan lafa, na fara murna, a rana ta uku ta dawo yadda take. Ba na cewa ruwan gwangwanin ƙarya ne ɗungurungum, domin idan dauɗa ce kaɗan ta maƙale yana iya sakin ta. Laifina shi ne na zuba magani ban san ciwon ba.

Daga nan na kai ta wurin wani bakanike matashi. Ya buɗe bonet, ya saurara kamar minti ɗaya, ya ce tafet ne, wato rata ce ta buɗe a wajen roka da bawul, ɗauri yake so. Ya cire murfin bawul na gefen hagu, ya sa aka tayar da inji, mai yana ta feshi a kan manifol ɗin salansa yana hayaƙi, shi kuwa yana ɗaure noti da soket. Ya ɗaure ɗaya ƙara ba ta tafi ba, ya koma na kusa da shi ya yi ta ɗaurewa har ta yi shiru. Duk aikin bai kai minti arba'in ba. Na biya, na tafi ina jin daɗi. Ban yi nisa ba na ji motar tana rawa a sulo, ƙarfinta ya ragu, kuma a hawan tudu tana ɗan yin tari ta salansa. Washegari ƙarar ma ta dawo, ga kuma jijjiga. Garin neman gira na kusa rasa ido. Ban koma wurinsa ba, ba don fushi ba, sai don na lura bai auna komai ba kafin ya ɗora sifana.

Wani abokina ne ya haɗa ni da wani dattijon bakanike da ya daɗe yana taɓa irin waɗannan injuna. Na jira kwana tara kafin ya ba ni rana, ya kuma ce in zo da littafin gyaran motar in ina da shi, da takardun duk abin da na saya na zuba mata. Ranar da na je na soma zayyana masa cewa lifta ce ta mutu, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Ɗana, bari mota ta yi magana tukuna." Ya ɗauko fitilar taimin ya maƙala a wayar filogi ta ɗaya, ya sa na tayar, ya ce in dubi walƙiyar fitilar in kuma saurari ƙarar. Suna tafiya tare, walƙiya ɗaya ƙas ɗaya. Ya ce kamshaf rabin gudun kiranshaf yake yi, filogi ma sau ɗaya yake kawo wuta a zagaye biyu, don haka ƙarar da ta yi daidai da walƙiya daga ɓangaren kamshaf take. Da daga ƙasa take, wajen metal na kiranshaf ko fistin, da ta ninka haka sauri kuma ta fi nauyi a kunne. A sulo na 600 ƙarar bawul ɗaya sau 300 take bugawa a minti, wato sau biyar a daƙiƙa. Wannan kaɗai ya kwantar mini da hankali, don dama tsoron da yake hana ni barci shi ne a ce a sauke inji.

Amma bai yarda lifta ce ba har yanzu. Ya ce abubuwa da dama suna kwaikwayon muryar lifta. Ya ɗauki doguwar sukudireba, ya ɗora bakinta a kan famfon fetur ya kara marikin a kunnensa, domin a wannan injin famfon fetur ma kamshaf ne yake tura shi da wata 'yar sanda, kuma in ya tsufa yana ƙas-ƙas a gudu iri ɗaya. Nan ba komai. Ya bi bakin manifol ɗin salansa da tocila yana neman baƙin toka, ya ce gaskit da ya ƙone a nan yana yin ƙara kamar tafet sak, bambancin shi ne ta fi ƙarfi da sanyi, in ƙarfe ya yi zafi ya kumbura sai ta ragu. Tawa kuwa da zafi take ƙaruwa. Sannan ya cire abin auna matsin mai da yake bayan bulo kusa da distiribita, ya ɗaura gejinsa na hannu. Da inji ya yi zafi sosai geji ya nuna 22 psi a sulo, ya haura 40 a gudun 2000. Ya ce ƙa'idar da aka saba bi ita ce aƙalla 10 psi ga kowane zagaye 1000, don haka famfon mai lafiyarsa ƙalau. In matsin mai ne ya faɗi, ko iska tana shiga mai saboda ya yi ƙasa ko ya yi yawa har kiranshaf yana kaɗa shi, to liftoci da yawa ne za su yi ta surutu tare, ba guda ɗaya ba.

Gwajin kwamfireshin ne ya tsayar mini da zuciya. Ya cire filogi takwas ɗin, ya buɗe totur gaba ɗaya, muka bi su ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa a bayan wata takarda. Shida sun zauna tsakanin 145 da 155. Silinda ta 3 ta ba da 95, ta 5 ta ba da 85. Ni ko da ɗan abin da na sani, na san silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare yawanci gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone a tsakaninsu. Na ce, "Baba, ke nan sai an cire kan inji?" Bai amsa ba. Ya cire murfin bawul, ya nuna mini da yatsa. A kowane gefe na wannan injin jerin bawul daga gaba zuwa baya shi ne na hayaƙi, na shiga, na shiga, na hayaƙi, na hayaƙi, na shiga, na shiga, na hayaƙi. Ke nan roka ta huɗu da ta biyar a gefen hagu su ne na hayaƙin silinda ta 3 da ta 5, kafaɗa da kafaɗa. Ya ce in ƙirga zaren da ya fito a saman kowane noti. Sauran duk kusan ɗaya suke, waɗannan biyun kuwa sun nutse ƙasa da zare wajen uku. Su ne yaron nan ya ɗaure. Ya sassauta su, muka sake aunawa, ta 3 ta koma 150, ta 5 ta koma 148. Ashe an ɗaure su ne har bawul ba ya rufewa ruf. Ya ce da na ƙara wata guda ina hawanta a haka da bawul ɗin ya ƙone, domin bawul na hayaƙi yana sauke mafi yawan zafinsa ne a lokacin da ya zauna a kujerarsa, in bai zauna ba sai bakinsa ya cinye.

Sai a lokacin ya juyo kan ainihin ƙarar. Ya ɗora dogon ƙarfe madaidaici a kan kawunan sandunan da rokoki suke zaune a kai, domin a irin wannan kan inji dannawa aka yi aka shigar da su, ba zare gare su a ƙasa ba, kuma wani lokaci ɗaya yakan zaro sama ya bar rata. Duk a jere suke. Ya zare sandar turi ta hayaƙin silinda ta 5, ya mirgina ta a kan gilashi, ba ta lanƙwashe ba, ya busa ta ya ga ramin cikinta a buɗe yake. Ya mayar, ya ɗora agogon awo a kanta, na juya inji da hannu. Ta ɗaga 0.271 na inci, maƙwabciyarta 0.272, littafi kuma ya ce 0.273. Ya ce wannan shi ne awon da ya fi kowanne muhimmanci a wurinsa, domin in tozon kamshaf ne ya cinye, duk sabuwar liftar da ka sa za ta mutu cikin 'yan kwanaki, kuma garin ƙarfen yana nan yana yawo a cikin mai. Daga ƙarshe ya juya inji har bawul ɗin ya rufe, ya danna bayan rokar da marikin guduma. Ta nutse luɓus kamar an danna soso. Ya danna na kusa da ita, ƙam kamar dutse. A nan ne ya ce, "To, yanzu ka ce lifta."

Ba a iya zaro lifta a wannan injin sai an ɗaga manifol na shiga, kuma wannan aikin yini ne. Muka sa wata rana. Ranar muka zubar da ruwan lagireto, muka cire kafireta, ya zana alama a jikin distiribita da inda hancin rota yake kallo kafin ya zare shi, muka kwance kusoshi 12 na manifol. Ya riga ya huda wani kwali ramuka 16, ya rubuta lamba a kowane rami, ya ce kowace lifta da sandarta da rokarta su shiga raminsu. Dalilin shi ne lifta mai shafaffen gindi ita da tozonta sun ci juna sun saba, in ka musanya musu wuri kamar ka ɗora sabon ciwo ne a kan duka biyun. Ya juya gindin kowacce ya ɗora bakin reza a kai yana duban haske. Gindin lafiyayyar lifta yana da ɗan tudu a tsakiya wanda ido ba ya gani, shi yake sa ta riƙa juyawa a raminta. In ya zama kwari kamar faranti, ta gama aiki, kuma tozon da take kai ma abin tuhuma ne. Duka 16 ɗin nawa da tudunsu.

Ya buɗe mai laifin a kan farin tsumma. Ya zare ɗan zoben waya da yake riƙe da kayan ciki, ya fitar da kofin da sandar turi take zama, sannan ɗan fistin na ciki, wanda sai da ya sha bugu kafin ya fito. A ƙarƙashinsa akwai 'yar ƙwallon ƙarfe da ba ta fi ƙwayar barkono ba, da siririn sifirin, da wani sifirin babba. Ya ce aikin duka a nan yake. Idan bawul yana rufe, babban sifirin yana tura fistin sama ya cinye duk wata rata, mai ya shiga ƙarƙashinsa ta wurin ƙwallon. Da tozo ya fara ɗagawa sai ƙwallon ta toshe hanya, man da yake ciki ya kulle, tunda mai ba ya matsuwa sai liftar ta zama kamar ƙarfe guda. Ɗan kaɗan ne yake tsiyaya ta gefe, kuma da gangan aka yi haka don ta riƙa bin kumburin ƙarfe in inji ya yi zafi. A tawa, jikin fistin ya yi ja kamar an shafa masa fenti, da zane-zane a tsaye, kuma a kujerar ƙwallon akwai wani ɗan baƙin tsaki da ya hana ta zama. Mai yana shiga yana fita, in ya yi zafi ya tsinke kuma sai abin ya ƙaru. Babu adadin ɗaurin da zai gyara wannan. Abin da yaron ya yi shi ne ya danna fistin har ƙasa, liftar ta zama sandararriya, ta yi shiru na ɗan lokaci.

Mun yi shawara a kan ko a canza duka. Ni na so a canza 16 ɗin a huta. Shi ya ce kowace sabuwar lifta a kan tsohon kamshaf caca ce, me zai sa in yi caca 16 alhali ɗaya ta kama ni dole? In har zan canza duka, to in haɗa da kamshaf. Na bi tasa. Muka wanke sauran 15 ɗin ɗaya bayan ɗaya, ba ma buɗe ta biyu sai mun rufe ta farko, domin kowane fistin da gidansa aka daidaita shi tun daga masana'anta. Sabuwar lifta da gaskit ɗin manifol sai da na yi odarsu, na jira kwana 16 mota tana kwance an rufe cikinta da tsumma. Da ta iso ya auna kaurinta, 0.842 na inci, daidai da tsohuwar. A kan mai ma ya yi mini gyara. Ya ce kauri ba shi ne abin dubawa ba, sinadarin ZDDP mai zinc da fosfaras shi ne yake kare fuskar tozo da gindin lifta, kuma an rage shi a man zamani saboda yana lalata matatar hayaƙi ta sababbin motoci. Tun matakin ingancin mai na API SM na 2004 aka ƙayyade fosfaras kada ya wuce 800 ppm, wato kashi 800 cikin miliyan, a mai irin su 5W-30 da 10W-30. Na nemo man da aka yi musamman don tsofaffin injuna.

Ranar haɗawa ce na tafka nawa kuskuren. Ya shafa wa gindin sabuwar liftar man haɗa kamshaf, muka mayar da komai raminsa, sai aka kira shi, ya ce in fara saita bawul kafin ya dawo tunda na karanta littafi. Tsarin littafin mai sauƙi ne. Ka kawo fistin na 1 ƙololuwa a bugun matsi, alamar fuli ta tsaya a sifili, ka saita na hayaƙi na 1, 3, 4, 8 da na shiga na 1, 2, 5, 7. Ka juya kiranshaf zagaye ɗaya cif, ka saita na hayaƙi na 2, 5, 6, 7 da na shiga na 3, 4, 6, 8. A kowanne za ka ɗaure noti har rata ta ƙare, sannan ka ƙara. Na ji ana cewa ka riƙa murza sandar turi da yatsu biyu kana ɗaurewa, in ta fara cijewa nan ne rata ta ƙare. Haka na yi ga duka 16, na ƙara zagaye guda-guda, na zauna ina jin kaina gwani. Da ya dawo bai ce komai ba, ya haska tocila cikin kwarin injin ya ce in leƙa. Kofin kowace lifta ya nutse can ƙasa, nesa da zoben wayar. Kunya ta kama ni, domin abin da na zargi yaron nan da shi, shi na yi, kuma sau 16. Lifta da aka wanke babu mai a cikinta, siririn ƙarfin sifirin kawai ke riƙe da fistin, don haka sandar tana ci gaba da juyawa sumul har sai fistin ya kai ƙasa. Cijewar da na ji ba ƙarshen rata ba ce, gindin lifta ne.

Ya sa na kwance su duka. Ya ce kada in murza, in riƙa ɗaga sandar sama da ƙasa a hankali ina ɗaure noti kaɗan-kaɗan. Za ka ji tana ƙwas-ƙwas tsakanin roka da kofi, tana raguwa, sai ka zo inda ta daina motsi amma kofin bai bar zobe ba. Nan ne sifili. Tunda manifol bai hau ba, ido ma yana gani, kuma shi ya sa ya ce wanda ya rufe manifol kafin ya saita bawul ya rufe wa kansa taga. Shi ba ya bin tsarin littafi. Silinda ɗaya-ɗaya yake bi bisa jerin wuta, 1-8-4-3-6-5-7-2. In bawul na hayaƙi ya fara buɗewa sai ya saita na shiga, in na shiga ya buɗe ya dawo ya kusa rufewa sai ya saita na hayaƙi, domin a waɗannan wurare ka tabbata ɗaya liftar tana kan bayan tozo. Ya fi cin lokaci, hannuna ya gaji da juya inji, amma babu shakka a ciki. Bayan sifili littafi ya ce zagaye ɗaya, shi ya tsaya a kashi uku cikin huɗu. Zaren sandar roka 24 ne a inci, wato zagaye ɗaya yana sauke noti kimanin milimita ɗaya, kuma a bakin sandar turi abin ya fi haka saboda yadda roka take lilo. Noti biyu ya jefar ya sa sababbi, don suna juyawa da yatsa, kuma irin wannan notin matsewar kansa ce take riƙe shi.

Muka rufe manifol, muka bar gam ɗin gaba da baya ya kwana. Washegari kafin distiribita ya koma, ya zura wata sanda ta raminsa ya kama famfon mai, ya juya da injin huda har mai ya ɓullo a kan rokoki duka 16, muna ɗan juya kiranshaf a tsakani. Ya gargaɗe ni cewa in ta tashi ba sulo, domin tozo da feshin mai yake rayuwa, kuma sabuwar lifta tana buƙatar minti 20 zuwa 30 tsakanin 2000 da 2500 ana ɗan hawa da sauka. Ta tashi a bugu na biyu da wata irin hayaniya da ta sa gabana ya faɗi, liftoci suna ta kaɗa baki tare. Ya ce in riƙe totur in sa ido a kan gejin zafi. Wajen minti huɗu suka fara yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Ta wani tsohon murfi da ya yanke samansa muka ga sandar turi ta 5 tana juyawa a hankali kamar sauran, alamar sabuwar liftar tana juyawa a kan tozonta. Da muka sauke ta sulo, allurar gejin da ke auna zuƙar iskar inji ta tsaya cak a 18, ba ta rawa.

Da zan sake, da gejin mai da gejin kwamfireshin zan fara saya maimakon gwangwani da juyen mai, don kuɗin da na zuba a waɗancan ya isa ya saye su. Ba zan kuma bar kowa ya ɗora soket a kan noti ba sai ya gaya mini roka ta nawa ce take ƙara, kuma me ya sa ta yi rata, domin lifta mai aiki da mai ba ta sakin saiti haka kawai. In ta yi ƙara, ko noti ya kwance, ko sandar roka ta zaro, ko tozo ya cinye, ko ita kanta ta daina riƙe mai, kuma a cikin huɗun nan na farko ne kaɗai ɗauri yake magani. Takardar nan da na rubuta awo a bayanta tana cikin littafin motar har yau, da kwanan wata.

Bayan kilomita 800 na juye mai, na kai wa Baba tsohuwar filtar. Ya yanka ta, ya baje takardar cikinta a rana, ya bi ta da maganaɗisu, ba mu ga ƙyallin ƙarfe ba. In motar ta yi mako biyu ba a tayar ba, har yanzu takan yi ƙas-ƙas na daƙiƙa biyu ko uku kafin mai ya hau, saboda liftar da inji ya tsaya a kanta bawul a buɗe tana tsiyayewa a hankali. Na tambaye shi ko in dawo da ita, ya ce in ta wuce daƙiƙa goma ko ta fara yi da zafi in kira shi, in ba haka ba in rufe bonet in tafi.